Daminar da Na Yi Ina Leƙen Bakin Mutane

Damina ce, irin wadda ruwa ke sauka da wuri ya tarar da mutane ba su gama sharar gona ba. Duwatsun bayan gari sun yi kore shar tun ana cikin shuka, hanyar Dabai ta zama laka, 'yan kabu-kabu suna tura baburansu da hannu suna yi wa juna tsiya. A shekarar ce kuma wayar hannu ta iso mana Zuru, aka kafa lema a bakin kasuwa inda mutum zai je ya kira nasa na nesa. Kowa na cewa shekarar albarka ce. Ni dai abin da na fi tunawa da ita shi ne ƙarnin nono a kafaɗata, da wani ɓallin madubi da nake ƙullewa a haɓar zane.

Audu, Talatu, da ke Ladi, na san abin da kuka taso kuna ji. An ce muku ni da kakarku Inna mun yi damina guda ba ma ga maciji da juna. An ce na hana ta taɓa jikarta. Wasu ma sun ce ita ce ta ƙi jinin jikarta don an haife ta da lalura. Akwai gaskiya a cikin maganar, amma kamar gishiri a miya take, sauran duk ruwa ne. Tunda Allah ya sa na zauna ajin yaƙi da jahilci har hannuna ya saba da biro, bari in rubuta muku yadda aka yi. Inna ba ta da rai balle ta kare kanta, ni kuma kun san muryata, idan kun taru kuna hayaniya ba ta kai tsakar gida.

Ran Lahadi aka haife ki, Ladi, babanku yana bakin aikin soja a kudu. Fuskarki lafiya lau, leɓenki lafiya lau. Akwai yaran da ake haifa da leɓe a tsage, kowa ya gani ya san abin da ake ciki. Ke naki a ɓoye yake. Sai na ba ki mama ki kama, ki yi ta tauna, ina jin wata 'yar ƙara kamar ana tsotsar iska, goshinki ya jiƙe da gumi, ki yi barci don gajiya, can ki farka da kukan yunwa. Ɗan abin da ya shiga bakinki kuma sai in ga ya dawo ta hanci. Na shayar da biyu kafin ke, na san yadda jan jariri yake, har a gadon baya uwa ke jin sa. Ke ban ji komai ba.

Matan unguwa ba su yi dogon tunani ba, suka ce beli ne. Wato ɗan naman nan da ke reto a can ƙarshen baki, wanda wasu ke ce wa hakin wuya. A gidanmu ba a barin jariri da shi, ranar suna wanzami ke cirewa bayan ya yi aski. Audu da Talatu duk an cire muku, ni da kaina na riƙe ku, ban taɓa tambayar dalili ba. Don haka ni ma na sa rai ga ranar suna, ina cewa da an cire shi ke nan.

Baba Wanzam ya zo da zabirarsa, tsoho ne Bakabe, shi ya yi wa babanku ma. Ya gama aski, ya kwantar da ke a cinyarsa, ya danne harshenki da ɗan itacensa, ya juya ki wajen haske. Ya daɗe yana kallo. Sai na ga ya ajiye 'yar askar a kan tabarma. Inna ta matso.

"Mi ya hwaru?"

"Inna, wagga ɗiya beli biyu gare ta. Guda ta nan, guda ta nan. Tsakaninsu kuwa hanya ce buɗe har sama."

"To cire su duka mana."

"Ubana guda ya koya min cirewa. Abin da ban gada ba, ba ni sa mishi aska."

Ya ci tuwon sunansa, ya yi addu'a, ya rataya zabira ya tafi. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Wata ta ce na tsallaka abin da ba a tsallakawa ina da ciki, wata ta ce wanka na yi da faɗuwar rana. Inna kuwa lissafinta a miƙe yake: idan beli ɗaya na hana yaro shan nono, ina ga biyu. Ni duk wannan bai tsaya min a rai ba. Maganar tsohon ce ta tsaya min, hanya buɗe har sama. Sama ina? Sai na tuna cewa na girma, na yi aure, na haihu, bakina yana tare da ni ko'ina, amma ban taɓa ganin cikin bakin ɗan Adam ba.

Akwai madubin askin babanku da ya fashe, na ɗauki ɓalli ɗaya. Da hantsi na zauna a ƙofar ɗaki, na jira kika yi hamma, na tare rana da madubin na jefa hasken cikin bakinki. Rufin bakin, wanda ake ce wa ganɗa, ya taho lafiya daga gaba, sai can baya ya rabu gida biyu kamar kwanson wake da ya buɗe, tsakiya duhu. A ƙarshen kowane gefe ga ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa. Na ɗauka zan ji tsoro. Allah ya gani, mamaki na ji. Na so in san yadda ya kamata abin ya kasance, kuma ba a gane tulu ya karkace sai an ajiye shi kusa da madaidaici.

Na kira Audu na ce ya buɗe baki. Ganɗarsa a haɗe take sumul, amma babu beli. Talatu ma babu. Na leƙa nawa, babu. Na tare gwaggonku Rahila tana shirin tafiya koyon waƙa a coci, ta buɗe tana dariya, babu. Ashe duk gidanmu, manya da yara, babu mai beli ko ɗaya, Baba Wanzam da ubansa sun share mu kaf. Har akuya na kama, ta cije ni a yatsa, ban ga komai ba sai ciyawa. A ƙarshe na tuna da Mama Ngozi, 'yar kudu mai shago a bakin titi, wadda nake sayen gishiri da sabulu a wurinta. Na je, na gaishe ta, na daɗe ina juya ƙullin gishiri a hannu kafin na iya faɗa.

"Mama Ngozi, don Allah an cire miki beli kina jaririya?"

"Mene ne beli?"

Na nuna mata wuyana. Ta ce ita ba wanda ya taɓa sa mata wuƙa a baki, da an gwada, da uwarta ta kashe mutum.

"To don Allah ki ɗan buɗe in gani."

"Maman Audu, gishiri kika zo saye, ko kin zo duba haƙorina kamar akuya a kasuwa?"

Amma ta fito waje ta fuskanci rana ta buɗe. Ga shi nan, guda ɗaya, a tsakiya, yana reto a jikin wani nama mai taushi kamar labule. Na ce ta yi "aaa". Tana yi sai labulen ya ɗaga sama, ya ja belin, ya rufe can baya ruf. Na ce ta sake. Ta sake. Na ce ta ƙara. Masu sayayya suka taru suna kallonmu, mace biyu a bakin titi, ɗaya baki buɗe ɗaya da madubi.

"Idan kin gama," in ji ta, "ki faɗa min ko na isa yankan Kirsimeti."

Na dawo gida ina tunanin labulen nan. Idan a bakin Mama Ngozi akwai ƙofar da ke rufe hanyar hanci, a bakin Ladi ƙofar a tsage take. Wannan ya nuna min dalilin da nono ke fita ta hanci. Bai nuna min dalilin da ba ki iya ja ba. Talatu ce ta nuna min, ba tare da ta sani ba. Wata rana bayan an ɗauke ruwa, yara sun karyo sandunan ganyen gwanda, masu rami a ciki, suna zuƙar ruwa da su daga ƙwarya. Na kowa na ja, na Talatu ya ƙi, tana ta zuƙa tana kuka. Ina daga ɗaki na ji ƙarar, na gane ta, don ita ce ƙarar da nake ji kullum a ƙirjina. Na fito na karɓi sandar, na ga ta tsage ta gefe. Na toshe tsagar da babban yatsa na ce ta ja. Ruwa ya hau. Na ɗaga yatsa, ruwa ya koma. Na zauna a kan turmi ina toshewa ina buɗewa, har yaran suka gaji suka bar min ƙwaryar. Ashe ba wani abu ne ya tare hanya ba da za a cire. Wani abu ne ya rage da ba a toshe ba.

Na goye ki muka je asibiti. Wata nas ta haska bakinki da tocila, ta ce ta taɓa ganin irinsa, ganɗa ce ba ta haɗu ba tun a ciki, kuma ba abin da na ci ko na tsallaka ne ya jawo ba. Ta ce akwai likitoci a Sakkwato da ke ɗinkewa idan yaro ya yi ƙwari, aikina shi ne in kai ki lokacin da rai da ƙiba. Ta koya min in riƙa tatsa a kofi mai tsabta, in zaunar da ke a miƙe, in ba ki da cokali kaɗan-kaɗan. Na tambaye ta beli.

"Kada ki bari a yanki komai a bakin nan. Gefen nan da gefen nan za a jawo a haɗa. Abin da aka yanke ba ya dawowa."

Na kai wa Inna labari har da sandar gwanda, ina ɗoki kamar wadda ta tsinci abu a hanya. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta amsa min da yarenta na Dakarci, kuma kun san ba ta juyawa Dakarci da ni sai magana ta yi nauyi. Ta ce ɗanta na fari a ƙauyen kan dutse ta haife shi, ruwa ya yanke hanya, wanzami bai samu hawa ba, aka bar yaron da belinsa. Bai kai ga zama ba wuyansa ya kumbura, ya yi ta amai, ya koma. Daga shi duk wanda ta haifa an cire masa, kuma duk sun rayu, har da wanda nake aure.

"Ke kin ga sandar gwanda," ta ce. "Ni na ga kabari."

Har yau ba na cewa wauta ta yi. Wanda ya binne ɗa yana da hujjar da baki ba ya iya turewa. Na je ƙarƙashin lema aka kira min babanku, na faɗa masa komai.

"Inna me ta ce?"

"Ta ce a cire."

"Ke me kika ce?"

"Na ce a bari."



"To... ku yi abin da ya fi."

Mai lemar ya karɓi wayarsa yana girgiza kai, ya ce wannan sojan ya san inda harsashi ke fitowa.

Al'adar gidanmu ita ce, da damina matan gida su tafi gona, tsohuwa ta riƙe jarirai a inuwa. Da na gama wanka na yi arba'in, ranar da zan fara komawa gonata ta gyaɗa da riɗi, na miƙa ki ga Inna, na ɗauki fartanya. Ina kaiwa zaure na tarar da ɗan kabu-kabu yana sauke wani saurayi da zabira. Inna ce ta aika Wasagu aka ɗauko shi, don an ce mata wanzami ne da ba ya tsoron komai. Na jingine fartanya, na koma, na ɗauke ki daga cinyarta na goya.

"'Yar Mahuta, sauke ta."

Haka take kirana, da sunan garinmu, tun ranar da aka kawo ni gidan.

"Inna, ki yi haƙuri."

"Na ce sauke ta."

"Na ji, Inna. Ki yi haƙuri. Ga madubi, ki duba da idonki."

"Na ga abin da ya ishe ni a duniya."

Saurayin ya sa baki, yana murmushi, ya ce abin kamar ƙiftawar ido ne, ya cire wanda ya fi wannan. Na tambaye shi ko ya taɓa cire biyu.

"Uwar ɗaki, biyu ai guda da guda ne."

"Idan ka cire, ramin zai rufe?"

"Rami kuma wannan na Allah ne."

"To a bar wa Allah duka."

Ban ɗaga murya ba, ban iya ba ma. Amma a gidan nan ba a taɓa samun matar ɗa da ta ce wa Inna a'a ba, kuma a gaban baƙo. Ta miƙe tana kakkaɓe zane.

"Idan abin da ya sami nawa ya same ta, ke za ki gaya wa ubanta."

"Ni zan gaya masa."

Daga ranar ban sake barin ki a hannun kowa ba. Ko wanka zan yi, da ke nake shiga. Wannan shi ne asalin maganar da kuka ji cewa na hana ta taɓa ki, kuma gaskiya ne, na hana. Gona kuwa ba ta yiwuwa da ke, don ciyar da ke aiki ne na yini: a tafasa kofi, a tatsa, a zauna da cokali, kafin a gama kin sake jin yunwa. Sai gyaɗata ta zauna tana jirana, ciyawa ta hau kanta. Matan da ke wucewa ta wurin su dawo su ce min, cikin tausayi mai ƙaiƙayi, sun ga gonata ta zama wurin kiwon zomo. Inna ta daina yi min magana, ta koma yi wa kaji.

"Ke wake-wake, zo ki ci. Ke dai ba ki je makarantar manya ba, amma kina jin kira."

Idan abinci ya nuna, in ce wa Talatu ta gaya wa kakarta, ita kuma ta ce wa kaza ta ji. Haka muka zauna, tsakar gida ɗaya, murhu ɗaya.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne cokalin ba ya yi. Rabi na zubewa ta gefen baki, wani ya bi ta hanci, ki sarƙe, ki gaji, ki kau da kai. Wuyan hannunki kamar kara. Kullum da safe sai na shafa maɗigarki in ji ko ta faɗa. Idan kika yi tari, sai in ji taɓaryar Inna ta tsaya cak a turmi, ba ta ci gaba sai kin yi shiru. Na san tana jira ne, ba don tana so ya faru ba, sai don ta taɓa jin irin tarin. Ni ma akwai ranakun da na tambayi kaina ko sandar gwanda ta isa a jingina ran mutum a kanta.

A cikin haka na lura da wani abu da ya ɗaure min kai. Kun san Inna maginiyar tukwane ce, rabin tulunan unguwar nan hannunta ne. Amma ba a gini da damina, yumɓu ba ya bushewa, ko an gasa fashewa yake. To sai na riƙa ganin yumɓu a ƙarƙashin farcenta. Da rana tsaka hayaƙi na fita daga ɗakinta alhali ba girki take ba. Wata rana ina neman ƙwai a bayan rumbu na tarar da tarin 'yan fasassun abubuwa, ƙanana kamar kayan wasan yara, kowane da ɗan baki mai tsini, wani gajere wani dogo. Na ɗauki ɗaya na jujjuya. Buta ce? Ta yi ƙanƙanta. Fitila ce? Babu wurin lagwani. Na ce ko wani magani ne na mutanen dutse take haɗawa. Na kuma lura duk sanda na zauna ba ki nono a ƙofar ɗaki, sai ta ɗauko faifai ta zauna tsintar wake a inda za ta iya hangenmu, kanta a sunkuye. Waken nan ya sha tsinta a daminar nan.

Lokacin da dawa ta fara fid da kai zazzaɓi ya kama ni. Ranar kasuwa ce. Bayan azahar na tatsa a kofi na rufe, na ce bari in ɗan miƙe bayana, kina gefena. Da na buɗe ido inuwa ta juya, babu ke, babu kofi, kuma a waje ina jin ƙarar babur yana barin ƙofar gida. Ban san sanda na fito ba, ba ɗankwali ba takalmi. Talatu na wasa a tsakar gida, ta ga fuskata, ta nuna min bayan rumbu, wajen rumfar da Inna ke gini.

Tana zaune a kujera 'yar tsugunno, ta zaunar da ke a miƙe a cinyarta, ƙeyarki a tafin hannunta, daidai yadda nake yi. A ɗaya hannun ga irin abin nan na bayan rumbu, amma wannan lafiyayye, an goge shi da dutse har yana sheƙi, bakinsa siriri kamar na tsuntsu. Sai ta sa bakin ta gefen kumatunki, ta ɗan karkata, ta jira ki haɗiye, tana wata waƙa ƙasa-ƙasa, sannan ta ƙara. Haɓarki a bushe. Hancinki a bushe. Idona ya ga wannan duka, amma hannuna bai jira idona ba. Na ɗauke ki, na kwance madubi, na juya ki wajen rana, na matsa kumatunki. Suna nan, guda ta nan, guda ta nan.

Da na ɗago, Inna na kallona. A karon farko tun ranar wanzamin Wasagu ta yi magana da ni, ba da kaza ba.

"Nawa ne?"

"Biyu, Inna."

"Sake dubawa, ko na ɓoye guda a haɓar zane."

Na tsaya da ke a hannu, kunya ta rufe ni. Ke kuwa kika fara kuka kina miƙa wuya wajen abin da aka raba ki da shi. Ta miƙo hannu, na mayar mata da ke.

"Na tafasa shi," ta ce, "na ga yadda kike yi wa kofinki. Cokali na miya ne. Wanda ya ƙera shi bai taɓa ganin bakin yarinyar nan ba."

Ta ci gaba da ba ki, ba ta kalle ni ba.

"Kada ki ɗauka na yarda. Har gobe ina cewa a cire. Amma ni ba ɓarauniya ba ce, 'Yar Mahuta. Abin da zan yi, a gabanki zan yi shi."

Ya kamata in ba ta haƙuri a nan. Abin da ya fito daga bakina shi ne tambaya, don ta daɗe tana cina. Na ce yaya aka yi yumɓun ya bushe da damina. Sai na ga gefen bakinta ya motsa. Ta ce a saman murhu ta riƙa shanyawa cikin ɗaki, ta daka tsohon katanga na fasasshen tulu ta gauraya don kada ya tsage, duk da haka mafi yawa sun fashe a wuta. Waɗanda suka tsira kuma wani bakinsa ya yi faɗi, wani ruwa na gudu da yawa, sai da ta riƙa gwadawa da ruwa a bayan hannunta. Na ce yaya ta san girman bakin, tunda ban bar ta ta taɓa ki ba. Ta ce wake take tsinta, ba makancewa ta yi ba.

Da nonon ya ƙare ta goge miki baki, sannan ta ce in kawo madubin nan. Na nuna mata yadda ake tare rana. Kika yi hamma, ta leƙa. Ta daɗe, ta fi Baba Wanzam daɗewa, tana karkata kai kamar yadda take yi idan tana duba tulun da aka kawo mata gyara.

"Gefe da gefe duk suna nan," ta ce. "Ba a haɗa ba ne kawai."

"Allah ba ya mantuwa, Inna."

"Ban ce ya manta ba. Na ce ya bar wa wasu aiki."

Ba ta ƙara komai a kai ba, ranar ko bayanta. Tafiyar Sakkwato da ɗinkin da aka yi miki, Ladi, kun san labarinsu, an sha faɗa muku, har da yadda Inna ta zauna a ƙofar ɗakin aikin ta ƙi cin abinci. Kin san kuma har yau idan kin gaji maganarki takan ɗan bi ta hanci. Abin da ba ku sani ba shi ne har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa na yi daidai ba. Idan aka yi zancen sai ta ce yarinyar dai tana da sauran shan ruwa. Ni ma ban taɓa neman ta faɗa ba. Ta riƙe kabarinta, na riƙe sandar gwandata, ke kuma kika yi ƙiba a tsakaninmu.

Washegari zazzaɓin ya sauka. Na tashi da wuri na tafasa kofi da ɗan abin yumɓun, na tatsa, na rufe. Na yi miki wanka, na ɗauke ki zuwa ƙofar ɗakin Inna, tana zaune tana watsa wa kaji tsaba. Na gaishe ta, ta amsa, ni ta amsa wa. Na ajiye ki a cinyarta, na ajiye kofin a inuwa. Sannan na kwance haɓar zanena, na ciro ɓallin madubin, na ajiye a kan tabarma kusa da ƙafarta.

"Wannan fa?"

"Nauyi zai yi min a gona."

Na ɗauki fartanyata a inda na jingine ta tun ranar nan, har ta fara tsatsa. Ciyawa ta kai min ƙugu, sai da na sa hannu na buɗa kafin na ga inda kunyoyin suke. Na nemi gefen da gyaɗar ke da sauran kore, na sunkuya, na fara daga nan.